Ɗiyar Wa Ce Innata

Dariya nake yi sa'ad da idona ya sauka kan layi na bakwai, sai dariyar ta tsaya cak.

Da hantsi ne, a gidanmu na Ƙonni, wata biyar da aurena, ina da ciki wata uku. Mijina ya kawo wani tsohon littafin ƙidayar gida da aka tsinta cikin adakar marigayi mahaifinsa a Bazaga. Gara ta ci gefensa, tawada ta koɗe, sai ya kai wa wani mai buga takardu a bakin kasuwa ya kwafe mana. Shi bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ni na kai aji huɗu a kwalej, don haka ni ke karanta Faransancin ina mayar masa da Hausa.

Mai bugun nan ya yi ɓarna, layuka duk sun zame masa. An haifi wani kawunmu shekara tara kafin uwarsa. Wata kakarmu, wai sana'arta soja. Jakin gida ya hau gurbin matan aure. Mijina ya riƙe ciki yana cewa, "Don Allah maimaita mini na jakin!"

Layi na bakwai sunan innata ne, Allah ya jiƙanta. A gurbin uba ba sunan kakana aka rubuta ba, sunan wansa ne. Wan nan nasa kuwa shi ne mahaifin mijina, ya haife shi da tsufa. In takardar ta yi gaskiya, mijina ƙanen uwata ne. Kawuna nake aure, cikin kawuna nake ɗauke da shi.

Na tsallake layin. Da mijina ya fita na ɗauko tsohon littafin, ina roƙon Allah ya sa wannan ma zamewar mai bugu ce. Wurin bai koɗe ba ko kaɗan. Haka yake a rubuce tun asali.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. A gidan wan kakana inna ta tashi, Baba take ce masa. Ban taɓa jin kakana ya kira sunanta ba, in ta shigo gaisuwa ma bango yake kallo. Su ukun duk sun rasu. Wa zan tambaya?

Kwana uku ban iya haɗiye tuwo ba. In mijina ya miƙo hannu sai in janye, in ce laulayi ne. Ina sallah ban san raka'a nawa na yi ba. Ina ta tunanin malamai a zaure suna raba mu, da sunan da za a riƙa kiran ɗana da shi a bayan idona.

Rana ta huɗu na hau kabu-kabu zuwa Bazaga, wajen ƙanwar kakana, ita kaɗai ta rage cikinsu. Na iske ta gindin iccen bedi tana ɓarar wake.

"'Yar lakwal, mi ya koro ki? Kin ƙone mishi miya?"

Na durƙusa na buɗe littafin, kuka ya ci ƙarfina. Da ƙyar na faɗa mata abin da ke rubuce.

Ta dube ni, ta dubi littafin, ta tuntsire da dariya har wake ya zube daga faifai.

"Wannan aikin kakanki na! Ina tsaye ran da mai ƙidaya ya zo. An jera yara, ya nuna uwarki ya ce ɗiyar wa ta? Ke, ɗiyar fari! Gaban wansa, gaban jama'a, kakanki ya buɗe baki ya ce tawa ta? Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Mutumin ya tambaya har sau uku. Wan ya ga ƙanen zai nutse don kunya, ya ce rubuta ta gare ni."

"To me ya sa ta tashi a gidansa, Gwaggo?"

"Ɗan fari na tashi gaban uwayensa? Yaye aka kai ta, ni na goya ta har can."

"Nono fa? Ba ta sha na matarsa ba?"

"Da haƙoranta cike da baki? Lokacin matar ko goyo ba ta da shi. Ni na yanke cibiyar uwarki a ɗakin kakarki. Kuma da bakina na sa albarka ga aurenki. Kina ganin zan ci goron haram ina da ƙafa guda cikin kabari?"

Na rufe littafin. Har yau in na ga takarda mai layuka sai gabana ya faɗi. Ladan ya fara kiran la'asar, ta dafa kaina da hannunta mai ƙaiƙayin wake.

"Aurenki halal na, ɗanki ɗan sunna na. Tashi ki tsince mini waken nan da kika sa na zubar."