Goggo Dudu da gonar cikin waya

Shekara goma ke nan da rasuwar Goggo Dudu, yayar mahaifina. Na ce shekara goma, amma ainihin ranar ba mu san ta ba. Ranar da labarin ya iso gidanmu a Shagari Low Cost ita muka riƙe, ita ce kuma Baba yake sa a dafa abinci a kai masallaci duk shekara. Shekarata takwas a lokacin. Yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma ni ba mai magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira sunana nake buɗe baki. Shi ya sa na zaɓi in rubuta. Akwai abin da na gani a 'yan makonnin da ta yi tare da mu wanda manya ba su gani ba, domin ni ce nake zama kusa da ita a kan tabarma.

Ta zo mana lokacin da mutane suke ta kwararowa Yola daga arewacin jihar, wasu a ƙafa, wasu a bayan manyan motoci, suna gudun masu bindiga. Ta iso da takalmin roba da ya tsinke a ƙafa ɗaya, da ƙullin kaya a ka, da wani ɗan ƙaramin ƙulli a bakin zanenta wanda ba ta yarda ta kwance. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye, ita take noma gonarta da hannunta. Ta baro jar dawa a tsaye, ta fara fitar da kai.

Yola ma ba a zaune take ba a kwanakin. Kowane gida da jakarsa a ɗaure a bayan ƙofa. Idan taya ta fashe a titi, sai ka ga mata sun saki bokiti a bakin famfo. Baba ya dawo daga ofis ya ce masu bindigar sun yi nisa, maƙwabcinmu ya shigo ya ce sun kusa, wani ya ce za a rufe gada. Goggo ba ta tambayar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Da safe takan fita tsakar gida, ta shafa igiyar shanya, ta dubi danshin raɓa a yatsunta, ta ce, “Dawa ta kusa.” Baba ya ce mata, “Adda, hanya ba ta biyuwa. Don Allah ki bar maganar nan.” Daga baya ya tara mu a ɗakinsa ya kafa doka biyu: kada kowa ya yi mata zancen gona, kada kuma a bar ta ta fita ita kaɗai.

Yayana Hamma Usman, wanda yake jami'a yana zaune a Sangere, shi ya zo da dabara. Ya kawo tsohuwar wayarsa ta shafawa, ya ajiye a gabanta ya ce, “Goggo, ga gona na kawo miki har gida. Wannan gem ko jariri zai iya.” Ya karanta mana abin da masu wasan suka rubuta, wai don sababbin shiga aka yi shi, wai ba sai ka taɓa yin wani wasa ba. Inna ta tuna masa dokar Baba. Ya ce, “Inna, wannan ai ta wasa ce. Ita za ta ɗauke mata hankali daga waccan.” Ya koma Sangere ya bar mu da wayar, ni da Goggo.

Tun daga ranar na daina yarda da wannan kalma ta “kowa zai iya”. Abu na farko, gilashin wayar bai san babban yatsan Goggo ba. Ya yi kanta saboda fartanya, sai ta shafa wayar ta yi shiru kamar ba a taɓa ta ba. Ta danna da ƙarfi har gilashin ya yi wani baƙin tabo a ƙarƙashin yatsan. Sai da muka gano cewa ɗan ƙaramin yatsanta kaɗai wayar take ji, da shi ta riƙa noma, sauran huɗun a ɗage sama. Abu na biyu, akwai wani farin hannu da yake fitowa yana ƙiftawa, yana nuna inda za a taɓa. Ni da nake kallon Hamma yana wasa na san ma'anarsa. Goggo kuwa ta janye hannunta ta ce, “Wane ne wannan mara kunya yake nuna ni da yatsa?” Kuma duk bayanin da Turanci yake, yana ɓacewa kafin ni 'yar aji uku in haɗa harrufansa.

Duk da haka ta koya. Takan yi bisimilla kafin ta zuba iri a waɗancan 'yan murabba'ai masu ruwan ƙasa. Ranar da ta ga masara ta tsiro, ta yi tsawo, ta nuna, duk kafin ruwan shayi ya tafasa, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, “Ma'u, ƙasar nan ta aljanu ce!” Dariyarta ta farko ke nan a gidanmu. Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta koma, na ga kafaɗunta sun sauka.

A nan wasan ya kai mu inda muka maƙale. Bayan girbi, farin hannun ya koma kan wata motar kaya, yana nuna a loda masarar duka a kai kasuwa. Goggo ta ƙirga buhunan da ƙaramin yatsanta. Ta ce a bar biyu. Na gwada, babu wurin barin biyu. Ko duka, ko babu. Kuma idan ba a sayar ba, komai na cikin wasan a kulle yake: ba shuka, ba ban ruwa, ba komawa baya, sai hannun nan yana ta ƙiftawa a kan mota. Na kira Hamma a wayar Inna. Ya yi dariya ya ce, “Goggo, darasin farko ne kawai. Ki sayar, iri a shagon cikin gem ake samu, ba ya ƙarewa.” Ta karɓi wayar ta ce, “Usumanu, boko ya cinye maka kai. Ka taɓa ganin na kai iri kasuwa? Ko shekarar da muka ci ganye, ban taɓa iri ba.”

Kwana huɗu wasan yana tsaye a wurin. Takan ɗauki wayar, ta dubi buhunanta, ta tabbatar suna nan, ta ajiye. A wurin waɗanda suka ƙera wasan, wannan mataki shi ne mafi sauƙi, taɓawa ɗaya ce. Ba su yi tunanin wata za ta fahimci abin da ake nema sarai, ta kuma ƙi ba. Ranar Asabar Hamma ya zo, ya tarar ta shiga salla, ya ɗauki wayar ya danna mata don ya taimaka. Da ta idar ta duba, rumbun fayau, ga wasu taurari suna faɗowa ana kiɗa. Ba ta yi faɗa ba. Hannunta ne kawai na ga ya tafi bakin zanenta, ya damƙe ɗan ƙullin nan.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ban taɓa gaya wa kowa dalla-dalla ba. Ta sake shuka sau ɗaya, sannan ta daina taɓa wayar. Amma wasan ba ya barin wanda ya bar shi. Wayar tana kan taga tana caji, sai ta yi ƙara, rubutu ya fito. Goggo ta ce, “Me ta ce?” Ni kuwa ina jin daɗi an sami abin da na fi kowa iyawa a kan tabarmar. Na haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, na fassara mata da murya sama: “Ta ce amfanin gonarki ya nuna. Idan ba ki zo kin girbe ba, zai lalace.”

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Haka ta ce?” Na ce haka ta ce.

Washegari wayar ta sake faɗa, jibi ma haka, wani lokaci sau biyu a wuni. Kullum Goggo sai ta tambaya, kullum ni ma sai in karanta. Ban haɗa shi da dokar Baba ba, domin a kaina zancen gem nake yi. Amma idona yana ganin wasu abubuwa. Na ga ta ɗinke takalminta da zaren buhu. Na ga ta ari ƙaramar wuƙar Inna ta wasa ta a bakin dakali, ba ta mayar ba. Na ga ƙullin kayanta da ya kwana biyu a kwance ya koma ɗaurarre. Na so in gaya wa Baba. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarsa, in ji rediyo yana lissafa garuruwan da aka shiga, in ga fuskarsa, in juyo.

Wata safiya, Baba ya tafi ofis, Inna ta shiga wanka, Goggo ta kira ni bayan ɗaki. Ta kwance ɗan ƙullin nan a gabana. Jar dawa ce, ba ta fi cikin tafi biyu ba, gauraye da toka don kada ƙwari su ci. Ta raba biyu, ta zuba rabi a tsumma ta ƙulla sau biyu, ta sa mini a hannu. Ta ce, “Ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba ne. Za ni Yola Gari gaisuwa.” Na san ba Yola Gari za ta ba, domin mai zuwa gaisuwa ba ya ɗaukar wuƙa. Na tsaya da ƙullin a hannu har ta ja ƙofa. Sai da Inna ta fito ta tambaye ni sau uku sannan bakina ya buɗe. Kafin Baba ya isa tasha, motar da take zuwa iyakar inda sojoji suke bari a wuce ta tashi. Da la'asar muna zaune, wayar ta yi ƙara a kan taga. Ba wanda ya ce in karanta.

Bayan makonni wani dattijo ɗan ƙauyensu ya zo ya zauna da Baba a ƙofar gida. Ya ce ta isa. Ta yanka dawa har dami uku, ita da wasu mata biyu, kafin masu bindiga su same su a gonar.

Ba na cewa wasa ne ya kashe Goggo. Waɗanda suka kashe ta sun san kansu, Allah kuma ya san su. Wataƙila ko babu waya da ta tafi, domin tun kafin wayar take shafa igiyar shanya. Baba ya gaya mini haka da na girma, Hamma kuma har yau yana cewa laifinsa ne, bai sake sa wani gem a wayarsa ba. Ni dai na san muryata ce ta riƙa kai saƙon.

A bana malamin kwamfuta ya tambaye mu a aji ko wasannin waya na yanzu sun dace da wanda bai taɓa yi ba. Kusan kowa ya ce ƙwarai, har ƙannenmu na firamare suna yi. Ban ɗaga hannu ba. Da na koma gida na sauke wasannin noma guda uku na ba Inna. Hotunan sun fi na da kyau, gilashin yanzu ma yana jin yatsa sosai. Amma farin hannun yana nan, Turancin yana nan yana gudu, biyu daga cikinsu kuma suna kulle komai sai ka bi yadda suke so. Ƙannenmu suna iyawa ne don sun tashi suna kallon wasu suna yi. Wanda ake kira sabon shiga a wurin masu ƙera wasa, mutum ne da ya riga ya san rabin abin, hannunsa mai laushi, kuma gona ba ta tuna masa komai. Goggo ba ta cikin lissafinsu.

Wasan na uku kuwa ya bar Inna ta ajiye iri a rumbu. Na karɓi wayar na daɗe ina kallon buhuna biyu da suka rage. Na san abin da Goggo za ta ce. Za ta ce, “To, wannan ya zauna da manoma.” Sannan ta tambaya ko akwai wurin da ake hana shi kira. Akwai, na nemo shi, a can ƙarƙashin shafi na huɗu, da ƙananan harrufa. Da a ce ta ga yaran layinmu sun haɗa kai a kan wasan harbi, ƙarar bindiga tana fita daga wayoyinsu suna dariya, wannan kam ban san abin da za ta ce ba. Ina jin tashi za ta yi ta shiga ɗaki.

Dawar da ta bar mini, Inna ta shuka ta a bayan gida da damina ta zagayo. Daga baya Hamma ya sami fili a Sangere ya mayar da ita can. Duk shekara ni nake zaɓar zangarniyoyin da suka fi cika, in rataye su a kicin inda hayaƙi yake kaiwa. Bara wata mata daga ƙauyen ta zo gaishe da Baba. Mutanensu sun koma, amma an ƙone rumbuna, jar dawarsu ta da ta ɓace, sai irin kasuwa suke shukawa. Ta ɗaga kai ta ga abin da yake rataye, ta miƙe tsaye ta ce, “Wannan ai ta Dudu ce.” Ta tambayi Inna nawa za a sayar mata.

Kafin Inna ta amsa na ji bakina ya riga ta. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Na sauko da ita, na sussuka, na gauraya da toka, na raba biyu. Rabi na ƙulla wa matar a tsumma, ƙulli biyu. Rabin yana nan a kicin. Allah ya jiƙan Goggo Dudu, ya sa ta huta.