Jawabin da Ya Kusa Kashe Auren Abokina

Shekarun baya, lokacin da Abuja ke ta faɗaɗa ana zuba kankare ko'ina, ina aiki a sashen yaɗa labarai na wata ma'aikata. Ni ke rubuta wa oga jawabi, wani lokacin ma ni ke karantawa a madadinsa. Ba yabon kai ba, in na riƙe makirfo sai an tafa.

Shi ya sa da abokina ya tashi neman aure a garin Jiwa da ke gefen Abuja, danginsa kuma suna nesa, ya roƙe ni in zama bakinsa. Ya haɗa ni da wani dattijo maƙwabcinsa, tsohon malamin Turanci. Yarinyar tana da wani manemin, kuma a ranar iyayenta za su yanke wanda za su ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, magana ai sana'ata ce.

Muka tafi a farar motar ofis, da ƙwaryar goro. Muka tarar da dattawa a kan tabarma a ƙofar gida. Ana gama gaisawa na miƙe tsaye, na gyara murya.

"Masu girma iyayen ƙasa, muna tafe da muhimmin batu wanda ya shafi ci gaban wannan gida."

Nan take fuskoki suka murtuke. Wan mahaifin yarinyar ya ɗaga hannu.

"Oga, dakata. Gonar da ta rage mana ce kuka zo aunawa?"

Ashe a wurinsu duk wanda ya sauko daga farar mota ya tsaya yana jawabi, masu awon fili ne ke biye da shi. Har wani ya fara laluben takalminsa. Malamin ya ja gefen rigata, ya raɗa mini da Turanci: "You are speaking. Sit down and talk."

Ban yi musu ba. Na tuɓe takalma, na zauna a ƙasa, na tambaye su yadda damina ta yi da doya. Na faɗa musu ni ma ɗan manomi ne, fartanya ce ta kore ni zuwa boko. Wani ya ce ai hannuna ya nuna, aka kwashe da dariya. Muka sha hira har aka kira la'asar. Bayan salla na dubi wan mahaifin yarinyar.

"Baba, ba gona muke so ba. 'Ya muka zo roƙo wa ɗanmu."

Ya dube ni sama da ƙasa. Can ya ce, "To ai da haka ka fara. Miƙo goron."

A hanyar dawowa malamin ya ƙara mini bayani. Speak, in ji shi, mutum ɗaya ne ke yi saura na saurare, talk kuwa sai da abokin yi. Na sha cin wannan a jarrabawa, amma a kan tabarmar nan na gane shi. Har yau ina son makirfo, kuma na iya shi. Sai dai wanda ka je roƙo a wurinsa, ba ka tsaya masa a ka.

Auren yana nan lafiya, har da 'ya'ya. Abokina ya sha gaya wa mutane cewa bakina ne ya samo masa mata. Bai taɓa sanin saura ƙiris in dawo masa da goronsa ba, sai yau in ya karanta wannan.