Ranar da Matatar Ruwanmu Ta Ƙi Zuba

Ko da zan manta da komai na lokacin takabata, ba zan manta da ranar da na zauna a tsakar gidanmu na Jekadafari ina wanke matatar ruwa ina kuka ba.

Ruwan burtsatsenmu zartsi ne. Babbar 'yarmu kuwa tana da sikila, likita ya ce kullum ta sha ruwa mai yawa, mai tsafta. Shi ya sa mai gidana ya kafa matata a ƙarƙashin famfon kicin. Shi ke kwance ta, shi ke wanke ta, yarinyar na tsugune kusa da shi tana miƙa masa kofi. Da ya rasu, zubar ruwan ta fara raguwa, har ta koma ɗiga. Ga zafin bazara ya kankama.

Na sa aka sayo ruwan leda, wato fiya wata, yarinyar ta ture.

"Umma, ni na Abba zan sha."

Na lallashe ta, na yi faɗa, na sanyaya mata a randa, duk a banza. Sai ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Leɓenta ya bushe, idonta ya fara yin ɗorawa. Duk uwar mai sikila ta san abin da ke biyo bayan wannan.

Na kira ƙanin mijina a waya, yana Kano wajen aiki. Ya ce, "Anti, mambiren ne ya toshe, wato wannan naɗin da ke cikin dogon farin bututun. Ki rufe ruwan, ki zaro shi, ki jiƙa a ruwan ɗumi da garin tsamin da masu zoɓo ke sawa. Kada ki sa masa bilic na wanki, kashe shi zai yi."

Murfin bututun ya ƙi buɗuwa, sai da na naɗe shi da tsumma na murɗa har tafin hannuna ya saɓule. Hannun namiji ne ya ɗaure shi, kuma na san hannun wane ne. Da naɗin ya fito, bakinsa duk farin gishiri ya daskare kamar gindin tsohuwar buta. Na jiƙa shi a baho, na zauna ina kallon ƙananan kumfa suna tasowa, ina addu'a. Na ɗauraye, na mayar, na buɗe ruwa.

Ɗigo ya faɗo a kofi. Na jira na biyu har na gaji.

Na sake kwancewa, na sake jiƙawa, na ƙara tsami. Har aka kira la'asar ina abu ɗaya. Daga ɗaki na fara jin nishinta, irin wanda take yi idan ciwon ya kama mata ƙafa. Na sake kiran ƙanin mijina.

Ya ce, "Anti, ki yi haƙuri. Idan ya kai haka ya mutu, wanki ba zai tashe shi ba. Yaya ma ya ce min zai sauya shi bayan salla."

Nan na zube a gaban bahon. Tun ranar jana'iza ban yi kuka irin na wannan yammacin ba. Ba ni da miji, ba ni da ruwan ba 'yarsa, abin da ya bari ma ya mutu a hannuna.

Maƙwabciyata ce ta samo Keke Napep, muka kai ta asibiti, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. A kan gadon nan ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, idan ruwan matatar ya ƙare, shi ke nan Abba ya tafi duka?"

Sai lokacin na fahimci abin da ke cinta. Na hau gadon na rungume ta, muka yi kukan da kowaccenmu take ɓoye wa 'yar uwarta.

Ta yi kwanaki kafin a sallame mu. Baffanta ya zo da sabon mambiren ya sa, amma wannan rashin lafiyar ta bar mata ɗingishi har yau.

Abin da na koya shi ne, yaro ma yana makoki, sai dai ba ya faɗa da baki. Idan ya kafe a kan wani ƙaramin abu bayan rashi, a zauna a tambaye shi me ke ransa, tun kafin jikinsa ya faɗa.