Tabon Hannun Ƙanwata

Ƙanwata tela ce, shekara talatin da 'yan kai tana taka keke a ɗakin bakin ƙofar gidansu. Tun muna yara ba ta san yafiya ba. In ka taka ta yau za ta yi maka murmushi, ta ɗinka maka riga mai kyau, sai bayan shekara biyu ta tuna maka ranar, da wurin, da takalmin da ke ƙafarka. Allah da ikonsa sai ya haɗa ta da mai gyaran agogo, mutumin da in sauro ya cije shi, shi zai ba sauron haƙuri. Shagonsa na bakin titi, tebur ɗaya da kujera biyu, gilashi manne a ido tun safe.

Tana da shekara arba'in aka yi mata aiki a zuciya, aka sa mata wani ɗan ƙarfe da in ɗaki ya yi shiru kana jin ƙas-ƙas ɗinsa. Na ce mata ga irinta nan, kin auri mai agogo kin koma agogo. Tun daga nan kullum take shan maganin tsinka jini don kada jinin ya daskare a jikin ƙarfen, kuma lokaci-lokaci sai ta je an ɗebi jininta an auna, a ƙara mata ko a rage. Shekara goma sha biyar ba ta taɓa fashi ba.

Sai wan mijinta. Shi ya riƙe mai agogo bayan rasuwar ubansu, saboda haka maganarsa a gidan yankan wuƙa ce. Ya yi shekaru yana tura gadon marasa lafiya a asibiti. Da ya yi ritaya sai ya sayi abin awon hawan jini, ya ajiye benci a ƙofar ɗakinsa, unguwa ta sa masa Dokta, shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba. Ni dai na sha faɗa masa cewa jaki ma yana ɗaukar littattafai.

Wata rana ya auna ƙanwata, ya leƙa idonta, ya ce kitse ya yi mata yawa a jini. Ya zaro maganin rage kitse da likita ya rubuta masa, shi, ya ba ta rabi. Ta tuna masa da na tsinka jinin da take sha, ta ce ko ta bari sai ta tambaya a asibiti. Ya ce ai shi a asibiti ya tsufa, wannan ɗan magani ba sai an kai maganarsa gaba ba. Ba a daɗe da auna ta ba, awo na gaba da saura. Kunyar wan miji ta sa ta karɓa, ita da ba ta jin kunyar kowa.

Mako uku, dasashinta ya fara jini in ta goge baki. Sai tabo shuɗi-shuɗi a damtse, a cinya, har ƙarƙashin ido. Wata da ta zo awon riga ta gani, kafin la'asar maganar ta zaga layi. Na zo na zare mata mayafi, na tambaye ta, ta ce wallahi ba ta san daga ina ba. Na ce haka duk suke cewa. Muka kira Dokta. Ya juya hannunta, ya sake juyawa, ya ce shatin yatsu ne, ya ga irinsa ba adadi. Yana faɗa yana saka kwalin maganin da ke kan teburin keke a aljihunsa. Ni ban lura ba. Ita ta lura, sai dai a ranar ba ta gane dalili ba.

Autanmu direban babbar mota ne, hannunsa kamar faranti. Ya je shagon da rana tsaka ya kwaɗa wa mai agogo mari a gaban mutane, gilashin idon ya faɗi ya fashe. Ni kuma na bi baya da baki, na ce wa mai agogo shiru-shiru ashe macijin ƙaiƙayi ne. Ya rufe shago ya shige gida, kwana tara ko ƙofa bai leƙa ba. Ƙanwata na rantsuwa, kowa na cewa rufa masa asiri take yi.

Rana ta goma allura ta soke ta a yatsa. Ɗan huda da ba ya kai a ce wash, amma jinin ya ƙi tsayawa, ya ɓata farin yadin mutane, sai ga haɓo ya biyo. Mijin da aka ce yana dukanta shi ya goya ta zuwa mota. Likitar zuciya, yarinya sa'ar jikata, ta auna jinin ta ce ya tsinke fiye da kima, ta tambayi me aka ƙara mata. Ƙanwata ta aike ni na ɗauko ledar maganin da ta shanye, tana cikin gwangwanin maɓallai, don ba ta yar da komai. Likita ta ce ba a hana haɗa biyun ba, mutane da yawa na shan su tare, amma wani na rage kitsen yana ƙara wa na tsinka jinin ƙarfi, dole a sani, a riƙa aunawa a kai a kai a daidaita. Da a cikin kai jinin ya ɓalle, in ji ta, da yanzu zaman makoki muke.

Kwana huɗu aka sallame ta. Mijin ya ce a bar wa Allah. Ta ce Allah ya ba ta ƙafa.

Washegari ta ɗauki ɗinkin hannu ta je ta zauna a bencin Dokta, cikin masu jiran awo. Ba zagi, ba ɗaga murya. Duk wanda ya zauna sai ta gaishe shi da kyau, ta naɗe hannun riga, ta nuna masa tabon da ya fara komawa ruwan ɗorawa, ta nuna ledar, ta ce ga aikin Yaya. Kwana shida tana zuwa kamar mai ɗaukar albashi. A na bakwai ita kaɗai ce a bencin.

Dokta ya fito ya ce, “Ƙanwata, me kike so in yi?”

Ta ce, “Yaya, ba ni aka mara ba. Jinina ya koma. Sunan ƙaninka nake so, kuma inda aka zubar da shi, nan za ka tsince shi.”

Ta tasa shi gaba har ƙofar shagon, ta sa aka kira autanmu da mai shayi da masu faci da duk wanda ya ga marin. Da ƙyar aka fito da mai agogo. Dokta ya fara ƙus-ƙus, ta ce kunnenta ya tsufa, ya ƙara murya. Ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ba da maganin, ya kuma zargi maganin tun ranar da ya ga tabon, tsoro ya sa ya ce duka ne. Autanmu ya durƙusa ya miƙa kumatu, ya ce a rama. Mai agogo ya kama shi ya ɗaga, ya ce ya wuce.

“A wurinka,” in ji ƙanwata.

Har yau in Dokta ya shigo gidan za ta kawo masa ruwa da hannu biyu, ta tambaye shi ko likita ya san yana shan ruwa.

Ni na ɗauka na tsira, tunda uwa ɗaya uba ɗaya muke. Da taro ya watse sai ta ce saura mai baki. Da safe ta raka ni har bakin titi ta tsaya tana kallo. Na tarar mai agogo ya buɗe shago, ya sa sabon gilashi, mutum biyu na jira da agogunansu. Na fara jero ban haƙurin da na shirya. Ban kai rabi ba ya tashi ya kakkaɓe kujera, ya ce Yaya zauna, ƙafarki ba ta son tsayuwa. Na zauna. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.