Zinariyar Bakin Kududdufi

Ana shekara ta biyu da fara yaƙin basasa maigidana ya ce zai shiga soja. Maƙerin zinariya ne a unguwar Jakara, gadon kaka da kakanni, amma hanyoyi sun toshe, zinariya ta daina zuwa, wuta ta mutu a maƙera. Mutumin da ko kaza ce sai ya kira maƙwabci ya yanka masa! Dariya na yi ta yi, sai da na ji ya kai sunansa, an ce mota za ta kwashe su bayan sati uku. Nan dariya ta ƙare, ga ni da goyo.

Mahaifiyarsa, da muke kira Inna, ko faɗa ba ta yi masa ba. Cewa ta yi, "Kafin ka tafi ka haƙo min ƙasar yaɓe. Ta bakin kududdufi nake so, daidai inda magudanar maƙera take zuba."

Kududdufin a jikin katangarmu yake, rani ya janye ruwansa. Ya ɗauki diga yana ƙunƙuni, muka bi shi ta ƙaramar ƙofa. Da ramin ya kai masa ƙugu sai ga taɓo hawa-hawa, kowanne da launinsa. Inna ta tsuguna tana nuni da sandarta.

"Wannan siririn na sama naka ne, rago. Jan nan shekarar da ruwa ya ci mana soro ce. Mai kaurin nan na ubanka ne. Shuɗin can tun kakanka, lokacin da marini yake maƙwabtaka da mu."

A cikin mai kaurin muka ga wasu ƙwayoyi farare suna walƙiya, ka taɓa su gudu. Zaiba ce, wadda maƙera suke kama garin zinariya da ita. Duk wankin kayan aikin gidan nan ta magudanar nan ya bi, zaibar ta nutse ta kwanta, ba ta ruɓe ba, kuma ba ta saki abin da ta kama ba.

Wayyo, ku zo ku ga mai shirin yaƙi durƙushe yana tace taɓo a ƙwarya kamar mai regayar gero! Ya matse a ƙyalle, ya hura wuta. Inna ta kore ni da ɗana can ƙuryar gida.

"Hayaƙin nan ne ya sa hannun ubanka rawa har ya koma ga Allah. Kai ma a fili za ka ƙona, ka ba iska baya."

Abin da ya fito bai fi ƙwayar wake ba. Amma tun aurenmu ban taɓa ganin haƙoransa a waje haka ba. Kullum da hantsi yana cikin rami, da la'asar yana gaban zugazugi, 'yan kunne suka fara fita kasuwar Kurmi. Ni dai ban tayar da zancen soja ba, kada in tuna masa.

Ranar da motar za ta tashi, abokinsa ya yi sallama a zaure, ya ce su kaɗai ake jira. Na laɓe a bayan ƙofa. Zugazugin bai tsaya ba.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji maigidana. "Ina da aiki a wuta."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, har maƙwabta suka aiko a tambayi wa ta haihu.