Turmin da Aka Kife a Bakin Masussuka

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranin da agana ta shigo unguwarmu a Bagudo ba. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, na dawo hutu daga makarantar 'yan mata ina ji da kaina. Da safe na je rijiya, sai na tarar babu gugan unguwa, wanda tun tasowata yake rataye a gwafa. Kowace mace ta zo da nata, kuma ba mai cewa a ɗora mata tulu.

Aka ce fatake ne suka kwaso cutar daga Dahome. Daga baya na ji can ma mu suke zargi. Cikin mako guda masussukar bayan gari, inda muke gaɗa da kaka, ta cika da bukkokin majinyata. Aka kife turmi a bakin hanya, a kansa ake aje abinci a juyo. Mutum ɗaya ke wuce shi: tsohuwa mai daddawa, wadda ciwon ya zane wa fuska tun tana yarinya, muka tashi muna tsokanarta. Yanzu har ƙasa ake gaishe ta.

Ƙawata, 'yar maƙwabtanmu, tana cikin bukkokin. Ba zan ce tausayi kaɗai ya ja ni ba, so nake in ga abin da ke bayan turmin nan. Ranar da aka aike ni da kunu, na waiga ban ga kowa ba, na wuce. Filin dai shi ne, ga ƙaiƙayi, ga dutsen da muke kitso. Ban gane ƙawar tawa ba sai da ta cafke hannuna ta ce, "Ki ce a daina sa tsamiya, bakina duk gyambo ne."

Ashe an gan ni. Labari ya riga ni isa gida.

"Bokon ke nan?" in ji Inna. "Mi kika je nema?"

Aka hana ni rijiya, aka ware mini kwano. Mai unguwa ya aiko cewa ƙurji ɗaya ya fito mini, sai masussuka. Kullum ina duba jikina, cizon sauro ma sai ya hana ni cin abinci. A kwana na goma zazzaɓi ya kayar da ni. Sai da ya kwana uku Inna ta yi ƙarfin halin kiran tsohuwar.

"Buɗe baki, 'yar boko. Ba ke ce mai ce mini fuskar rariya ba?"

Ta leƙa bakina, ta shafa goshina da bayana. Da ta janye hannun rigata sai ta tsaya a kan wani tabo.

"Wa ya yi miki wanga?"

"Lamba ce, 'yan asibiti suka tsaga mana. A makaranta aka jera mu, har kuka na yi."

Ta yi dariya. "Nawa a fuska, naki a dantse, ke kin samu da sauƙi. Zazzaɓi ne kawai, ɗiyata. Tashi ki ɗauki tulunki."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala.

Ƙawata ta tashi daga ciwon, da irin fuskar tsohuwar. Har yau in na ga turmi a kife sai jikina ya yi sanyi. Tun ranar ban ƙara yi wa tabon wani dariya ba, don ban san ranar da unguwa za ta jingina da shi ba.