Kan Taba Mai Zane Biyu a Gindi

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Na fara na yage, na sake farawa na yage, don tsoron kada a ce ina neman wanke kaina ne. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, wanda ya ga kuskure ya yi mini uzuri. Abin da ya tilasta ni shi ne akwai mutum guda da har yau ban san ko yana raye ba, kuma rashin sanin nan ya hana ni jin daɗin ko da ruwan sha.

Ni mutumin Tasawa ne. A da gyaran salula nake yi a wata ƴar rumfa kusa da tasha, ina kuma yi wa matafiya caji. Tun ina ƙarami wasiwasi ya yi mini yawa. In na rufe rumfa sai na dawo na taɓa kwaɗo, in na yi alwala sai na sake wanke ƙafa. Komai aka ce mini, amsata ita ce "anya kuwa?" Har ƴan tasha suka laƙaba mini Malam Anya. Ban taɓa zaton mai irin halina zai iya cutar wani ba.

Wata rana wani direba, Sale, ya miƙo mini wani abu kamar alƙalami mai kauri, ya ce tabar batir ce, ta daina daɗi, in duba masa. Na kwance ta. Akwai batir, akwai ɗan tanki na ruwa mai ƙanshi, sai wani ɗan ƙarfe da suke kira kai. A cikin kan akwai siririyar waya a nannaɗe da ƴar auduga, kamar lagwanin fitila. Wayar ke zafi, audugar ta jawo ruwan, ya zama tururi. Audugar Sale ta yi baƙi, shi ya sa yake jin ƙauri. Ya ce sabon kai sai Maradi, kuma ba kullum ake samu ba.

Na wanke kan da ruwan ɗumi, na jiƙa shi cikin alkol mai tsabta, irin wanda ake goge ciwo da shi, na ɗauraye, na shanya a inuwa har ya bushe ƙarau. Da ya dawo na faɗa masa gaskiya: wanki ne, ba zai kai sabo daɗewa ba, kada ya bar tankin ya ƙafe, ya bar audugar ta sha ruwa kafin ya zuƙa, in ƙaurin ya dawo ya jefar. Ya yi murna, ya baza labari. Direbobi da ƴan samarin gari suka fara kawo mini nasu. Har nan ban cuci kowa ba.

Abin ya fara ne daga wani gwangwani. Masu hali in sun samu sabo sai su bar mini tsohon kai da ɗan kwalinsa, ni kuma in zuba a gwangwanin. Ranar nan na wanke guda, na goge shi, ya yi ƙyalli. Na mayar cikin kwali don kada ya yi ƙura. Sai ga wani ya zo neman sabo. Ya ɗauka, ya tambaye ni ko sabo ne. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Na ce ga shi a hannunsa, ya duba da idonsa. Ya biya kuɗin sabo ya tafi.

Daga nan wannan ta zama maganata. Kuma don kada in ruɗe, kowane kan da na wanke sai in yi masa zane biyu a gindi da bakin reza. Ina ce wa zuciyata muddin na san wanne ne wanne, kuma bakina bai furta ƙarya ba, ban yi zunubi ba. Ku dubi irin wayon da mutum ke yi wa kansa.

Cikin masu saye akwai Laminu, ɗan kabu-kabu da ke ɗaukar mutane tsakanin Mayahi da Attantane. Yakan shigo Tasawa sayen kayan moto, wato babur ɗinsa, ya zauna a bencina yana tsokanata. Ya taɓa gaya mini ya bar tabar kwali ne saboda tsohuwarsa, wadda ta ce ba za ta ƙara cin tuwon da aka saya da hannu mai warin taba ba. Ya ce wannan ta batir ita ke riƙe shi kafin ya bari gaba ɗaya.

Da kaka ta yi, na tara kawuna da yawa, na ƙudura kai su kasuwar Mayahi. Ana gobe kasuwa, kwalbar da nake jiƙa su ta faɗi ta fashe. Na duba zauren gidana, na ga wata ƴar farar gora mai murfi. Ina ɗauka matata Hadiza ta leƙo.

"Malam, wannan ai ta maganin feshin wake ce da ka dawo da ita daga gona."

Na ce mata na sani, zan wanke da toka. Na wanke, na ɗauraye, na shinshina. Akwai ɗan wari can ƙasa. Zuciyata ta ce anya. Ni da nake komawa taɓa kwaɗon da na san na rufe, ranar nan ban saurari anya ba, don rana ta yi nisa kuma ina son su bushe kafin safiya. Na zuba alkol a gorar, na jiƙa su. Auduga kuwa abin da ta sha ba ta mayarwa.

A kasuwar Mayahi na shimfiɗa kayana kusa da masu sayar da isansi, wato man fetur, a kwalba. Baƙi biyu suka saya, ban san su ba. Can sai ga Laminu da ƙura har gira. Ya ɗauki guda yana jujjuyawa.

"Malam Anya, wannan sabo ne ko irin wankinka ne?"

"Ga shi cikin kwalinsa, ka gani."

"Ba kwali na tambaya ba. Kai na tambaya."

Yana dariya, amma idonsa na kaina. Mutane na tsaye suna ji. Na ce, "Sabo ne." Wannan ne karo na farko da na faɗi kalmar da bakina.

Da na koma gida na wuce zaure, na buɗe gorar na shinshina. Warin na nan, har ya fi na jiya. Na buɗe ɗaya daga cikin kawunan da suka rage, na kai audugar hanci, na ji shi. Na kwashe ragowar na zuba a masai. Lambar Laminu tana cikin salulata. Na ciro ta, na duba, na mayar aljihu. In na kira shi sai na ce masa na yi ƙarya, gobe tasha duka ta ji. Na ce wa kaina ƙila ɗan kaɗan ne, ƙila zafin wayar ya ƙone shi. Haka na yi kwanaki, kowace moto ta tsaya gaban rumfa sai in leƙa in ga ko shi ne. Wannan shirun shi ne babban laifina, ya fi gorar, ya fi ƙaryar. Allah ya ba ni lokaci, na zauna a kansa.

Wata rana da hantsi suka zo rumfata, jandarma biyu da wani dogon mutum, Hamisu, yayan Laminu. Shi ya faɗi abin da ya faru. Laminu yana kan hanya ƙirjinsa ya toshe, ya yi ta amai, ya faɗo daga moto. Allah ya sa ba ya ɗauke da kowa. An kai shi likita a Mayahi, daga nan aka wuce da shi Maradi. Wanda ya duba shi ya ce alamun maganin ƙwari ne, alhali bai je gonar kowa feshi ba. Sai aka buɗe tabar da ke aljihunsa, aka ji warin maganin a audugar.

Hamisu ya buɗe tafin hannunsa, ga kan, ga zane biyu. Jandarma suka zazzage gwangwanina, inda sauran wankina na kafin gorar suke, duk wanda suka juya sai zane biyu. Shaidar da na yi don in kare kaina daga zunubi, ita ta tsaya a kaina. Ban yi musu ba. Hamisu bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da ka ce masa wanki ne, da ya saya duk da haka. Ƙanena ba shi da girman kai."

Aka yi shari'a, aka kai ni gidan kaso. Damina biyu ta wuce ni a ciki. Ba zan tsaya ba ku labarin cunkoso da ƙaiƙayi da zafin ɗaki ba, waɗannan jiki ne ke ɗauka. Abin da ya fi ci na shi ne duk wanda ya yi tari kusa da ni, sai in ji kamar Laminu ne. Hadiza tana kawo mini fura, ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ita ta jiyo mini cewa an sallami Laminu daga likita, amma numfashinsa bai koma daidai ba, ya kasa aiki, har ya sayar da moto.

Da aka sake ni, kafin in kwana biyu a gida na hau mota zuwa Attantane, garin su Laminu. Na tarar tsohuwarsu ta rasu, gidan a rufe. Wani ya ce Hamisu ya tafi da shi Agadas neman magani. Wani ya ce a'a, wajen kawunsu suka ƙetara, can kudu. Wani dattijo ya ce ya ji an yi rasuwar Laminu, na kusa da shi ya ce wannan wani Laminun ne daban. Na dawo da abin da na tafi da shi.

Ƴan'uwana samari, na tuba ga Allah, kuma ba na taɓa wannan sana'a yanzu, ruwa nake turawa a kura. Ba na ba kowa shawarar shan taba, ta kwali ko ta batir. Amma duk abin da zai shiga ƙirjin mutum, kada ku wanke shi a mazubin da ba ku san abin da ya taɓa zama cikinsa ba. Tsoho ku kira shi tsoho. Amsar da aka karkata don a kauce wa ƙarya, ƙarya ce da ba ta gama girma ba. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun akwai lokaci, kunya ba ta kisa.

Roƙona uku ne. Wanda ya san baƙin nan da suka saya a hannuna a kasuwar Mayahi, ɗaya mai rawani da ya ce daga wajen El Alasan Mairerai yake, ya gaya mini lafiyarsu. Wanda kuma ya ga kai mai zane biyu a gindi, ya jefa shi masai. Sannan duk wanda ya san inda Laminu ɗan kabu-kabu yake, ƙanen Hamisu, baƙi siriri mai wushirya, don Allah ya bar saƙo a tashar Tasawa, a ce na Malam Anya ne. In ya rasu, a nuna mini inda zan je in yi masa addu'a. In yana raye, ba zan matsa masa ya yafe mini ba. Ya yi mini tambaya a gaban mutane, ina so in tsaya gabansa in ba shi amsarta: wanki ne, Laminu.